Bishiyar Cibiyar Osbert

Jiya jikata ta miƙo mini wayarta ta nuna mini guguwa, wani farin abu yana juyawa a kan teku kamar kumfar sabulu a baho, har da jan layi na hanyar da za ta bi. Yaran yanzu sun huta. Mu a namu zamanin, a garinmu Anse Tamaren da ke kan wani tsibiri, abin da muke da shi rediyo ne mai batir, da taswirar takarda, da gwangwanin fil ɗin mahaifiyata.

Kowace shekara, da zarar damina ta kankama, Mista Auguste mai kanti yakan raba taswirar guguwa ga duk wanda ya sayi fulawa. Takarda ce mai layuka a tsaye da a kwance, teku shuɗi, tsibiranmu a jere kamar an zubar da wake a tebur. Yawancin gidaje kifi suke naɗewa da ita. Mama kuwa, Ma Titine tela, sai ta kafa tata da ƙusa a bangon katako, a lungun gabas na falo. Mai labarin yanayi zai faɗi lamba biyu, ta arewa da ta yamma, ita kuma ta bi layukan da yatsa har inda suka haɗu, ta soka fil mai jan kai. Fil bayan fil, sai ka ga hanyar guguwa ta fito. Duk unguwa wurinta ake zuwa tambaya, har Fada na cocinmu kan aiko.

Yayana Osbert ne ya koya mata tun yana makaranta. Shi ne mai son taswira, mai son duk abin da ke da nisa. Da ya girma ya shiga jirgin dakon ayaba a matsayin ma'aikaci. Shekarun farko yana dawowa da turare da alawar Turawa, daga baya ya sauya jirgi, ya sake sauyawa, sai shiru. Aka tambayi duk wanda ya sauka daga jirgi, babu mai labari. Babu wanda ya ce ya mutu, babu wanda ya ce yana raye. A lokacin da nake ba da labari, shirun ya haura shekara goma.

Amma Mama ba ta taɓa shakka ba, domin tana da bishiyarsa. A wurinmu ba a yar da cibiyar jariri. Binne ta ake yi a dasa itace a kai, kuma yadda itacen ya yi, haka mai shi. Babana ya dasa wa Osbert bishiyar da muke kira bwapen dab da tagar gabas. Bishiyar ta yi girman da ya wuce hankali, ganye faffaɗa, 'ya'ya kamar kan jariri, idan aka gasa a garwashi aka ɓare, ciki fari tas ya fi doya daɗi. Ta rufe tagar ruf, har lungun taswira ya zama duhu ko da rana tsaka, sai da fitilar ƙwai Mama ke ganin layukan. Kullum da safe sai ta fita ta dafa gindinta ta ɗaga kai ta duba ganye, sannan ta dawo ta sha shayinta da kwanciyar hankali.

Ni kuwa lemon tsami aka dasa mini a bayan kicin, inda ake zubar da ruwan wanki. Awaki sun ci shi sun ƙoshi tun ina goyo, ya tashi a karkace, ƙaya ta fi 'ya'ya yawa. Mama takan ce shi ya sa bakina ya yi tsami. Ban taɓa ganin ta dafa shi ba. Abin yana mini ciwo, ba zan ɓoye ba: ni ce a gida, ni ke kai ta asibiti a duba gwiwarta, ni ke zura mata zare a allura idan idonta ya gaji, amma gaisuwar safe ta wanda ya tafi ce.

A shekarar nan abubuwa uku suka haɗu. Ina da tsohon ciki, na fari, mijina Gaspard kuma yana Kanada wurin tsinkar tuffa. Ruwan farkon damina ya zaftare ƙasar da ke bayan gidanmu, saiwar bwapen ta ɓangaren tudu ta fito fili, bishiyar ta sunkuyo kan rufin kwanonmu kamar mai leƙen tukunya. Sai kuma rediyo ya ce wata guguwa ta taso daga can gabas mai nisa, kuma tana ƙara ƙarfi.

Masu rediyo sun ba ta sunan mace, amma ƙanin Mama, Kawu Fabien masunci, amarya yake ce mata. Kullum zai zo ya jingina da ƙofa, yana ƙarnin kifi.

"Yaya Titine, ina amarya ta kai?"

"Tana can tana kwalliya. Kai dai je ka janye wannan kwandon da kake kira kwalekwale."

"Kwando? Kwandon nan ne ya ciyar da ke ranar Lahadi."

"Kifi biyu, ɗaya ma ƙaya zalla. Matsa mini daga haske, kai da kai kamar tulu."

Ya yi dariya ya matsa. Amma na ga idonsa ba a taswira yake ba, a rufi yake, inda babban reshe ke gogar kwano yana ƙara duk lokacin da iska ta motsa.

Fil na farko can gefen dama yake, nesa da kowa. Na biyu ya matso, na uku ya bi shi. Da suka kai biyar ko makaho ya shafa zai ji layin a miƙe yake, kuma a ƙarshen layin tsibirinmu ne. Mama ta ɗora ma'aunin ɗinkinta a kai ta duba, ta ajiye.

Ina kewar garin nan a irin waɗannan ranaku, ko da yake tsoro ne ya haɗa mu. Aka busa ƙatuwar katantanwar teku a bakin ruwa, maza suka fito suka jera itatuwa suna jan kwalekwale ɗaya bayan ɗaya har ƙarƙashin itatuwan tsamiya, ana waƙa ana zagin wanda bai ja da ƙarfi ba. Mata suka cika tuluna da garewani da ruwa. Kananzir da kyandir da kifin gishiri suka ƙare a kantin Mista Auguste. Ko'ina ƙarar guduma, ana buga katako a tagogi, ana jefa igiya ta kan rufi a ɗaure ta da turaku. Waɗanda suka shekara ba sa gaisawa saboda akuya ta ci kabeji, ranar sai ga su ɗaya yana riƙe wa ɗaya tsani. Teku kuwa ya kwanta lumui, zafi kamar an rufe mu da murfin tukunya, tsuntsayen teku suna ta wucewa can cikin tudu.

Da la'asar Kawu Fabien ya shigo gidanmu da gatari a kafaɗa da igiya a hannu, wasu maza biyu a bayansa. Wannan karon bai yi wasa ba.

"Yaya, na zagaya na duba saiwar. Rabi a waje take. Iskar farko ma za ta kwantar da ita, kuma a kan ɗakin nan za ta kwanta."

Mama tana kan keken ɗinkinta. Ba ta ko ɗago ba. "Fabien, ajiye wannan abin a wajen shinge."

"Ko rassa ne mu rage mata."

"Wa ka ga ana rage wa hannu da ransa?"

"Yaya, gidan da mijinki ya gina da hannunsa ne fa. Katako ɗaya-ɗaya ya tara."

"Bishiyar ma da hannunsa ya dasa. Fita mini, kafin in manta uwa ɗaya ta haife mu."

Mazan biyu tuni sun kai bakin shinge. Ba laifinsu ba ne. Kowa ya san ba a sare bishiyar cibiyar mai rai. Wanda ya sare ta kamar ya fito fili ya ce mai ita ya mutu, wasu ma cewa suke shi ya kashe shi. Kawu ya dube ni, ya dubi cikina, ya girgiza kai ya fita.

Ni kuwa wutar da nake dannewa shekara da shekaru ta tashi.

"Mama, to mu a ina za mu kwana idan ta faɗo?"

"Ba za ta faɗo ba. Ta ga iskar da ta fi wannan."

"Lokacin saiwarta na cikin ƙasa! Mama, ki dube ni. Ni ce a nan. Wanda kike yi wa ban-ruwa ko gaisuwa bai aiko miki ba tun ina 'yar makaranta. Idan yana raye, ya manta da ke. Idan kuma..."

"Kul!" Ta buga tafin hannunta a kan keken har gwangwanin fil ya faɗi ya watse. "Verlyn, ki iya bakinki. Fita ki ɗaga kai. Ƙirga 'ya'yan da ke kanta bana. Kin taɓa ganin matacce ya yi 'ya'ya haka?"

"Itace ne, Mama. Taki ya samu."

Ta dube ni kamar ba ta san ni ba. Sannan ta durƙusa da wannan gwiwa tata mai ciwo tana tsince fil ɗaya-ɗaya daga tsagar katako. Na so in taya ta, cikina bai bar ni na sunkuya ba, zuciyata ma ba ta bar ni ba. Har yau ban ce na faɗi ƙarya ba. Amma ganin ta a ƙasa tana lalube ya tsaya mini a rai.

Washegari gari ya waye da wani irin jan sama marar kyau, kuma teku ya fara aiko da manyan igiyoyi masu tafiya a hankali, kowace ta faɗi sai ka ji a ƙafarka. Mai labarin yanayi ya daina barkwancin da ya saba. Ya ce masu gidajen katako su nufi coci ko makaranta kafin yamma, ya faɗi lambobin sau biyu. Mama ta kunna fitila ta soka fil. Ta sa yatsu tsakaninsa da tsibirinmu: yatsu biyu.

Na jawo tsohon gwangwanin biskit na fara jera kayan jariri a ciki, ƙananan riguna da huluna da ita kanta ta ɗinka da ragowar yadin mutane. Na rufe na naɗe da leda.

"Ina za ki da su?" in ji ta.

"Coci. Idan gida ya tafi, aƙalla ya sami abin sawa. Ko a kan bencin coci na haife shi, ba shi ne na farko ba."

Ta daɗe tana kallon gwangwanin. Sai ta taso, tana ɗingishi, ta zo ta ɗora hannunta a cikina, yadda take dafa gindin bishiyar da safe. Ɗan banzan yaron, kamar an aike shi, ya harba ƙafa daidai tafin hannunta. Na ga leɓenta ya motsa. Ta juya ta dubi tagar gabas, inda ba a ganin komai sai ganye.

"Je ki kira Fabien," ta ce. "Ki ce ya taho da mutanensa. A fara sauke 'ya'yan tukuna, kar ko ɗaya ya fashe a ƙasa."

Kafin hantsi rabin unguwa na gidanmu. Aka sauke 'ya'yan da dogon sanda mai ƙugiya, ana cafewa da buhu, aka tara su a gaban kicin tuli guda. Aka ɗaura igiyoyi a sama, aka ja su ta gangare wajen filin da ba kowa. Sai aka tsaya. Gatari na hannun Kawu, amma hannun bai ɗagu ba.

"Yaya, ni dai ba zan fara ba. Ɗana ne. Ni na koya masa iyo."

"Wa ya ce ka fara? Ba ni."

Ta shiga ɗaki ta fito da farar rigarta ta zuwa coci a jiki da kwalbar giyar rake a hannu. Ta zagaya gindin tana tsiyayawa. Sannan ta jingina goshinta da bishiyar, ta yi magana da muryar da take yi masa idan ya baje ƙafa a kan tabarma ya hana kowa wuri.

"Osbert, ƙanwarka ce za ta haihu. Matsa mata."

Ta ɗaga gatarin da ƙyar ta sara. Ko ɓawon bai shiga sosai ba, amma farin ruwan bishiyar ya fito ya gangaro. Ta miƙa wa Kawu gatarin, ta wuce cikin gida ta zauna a keke. Duk tsawon saran muna jin keken yana ta gudu, ban san abin da take ɗinkawa ba. Kawu yana sara hawaye na bin gemunsa, yana zagin masu igiya wai ba su iya ja ba. Da bishiyar ta tafi, ta yi wata ƙara mai tsawo, ta kwanta a gangare daidai inda aka so, ƙasa ta girgiza. Keken ya tsaya. Can kuma ya ci gaba.

Aka buga katako a tagar gabas kamar sauran tagogin, aka ɗaure rufi. Da yamma muka kulle gida muka hau coci da tabarmi da rediyo, Mama ta cire taswirar ta naɗe a hammata. Cocin ya cika maƙil, yara, tsofaffi, kaji a kwando, wata ma da alade ta zo Fada ya kore shi. Aka shimfiɗa taswirar a kan benci, kowa ya kewaye. Iska ta fara kaɗawa, ruwa na zuwa yana ɗaukewa.

Labarin da aka karanta kafin magariba, lambar arewa ta ƙaru, ta yamma ba ta motsa ba. Mama ta ce a yi shiru, ta saurari maimaicin. Ta bi layi da yatsa, ta soka fil. Bai hau layin sauran ba. Sama ya yi.

"Ma Titine, mene ne?" in ji Fada.

"Ta juya," ta ce. "Arewa ta nufa."

Cocin ya kaure da ihu. Masu kuka na yi, masu waƙa na yi, wani ya ruga ya kaɗa ƙararrawa. Ni kuwa ina kallon Mama, ita tana kallon fil.

Abin da muka samu ruwa ne kamar da bakin ƙwarya da iskar da ta kwantar da ayaba a gonaki. Ko kwano ɗaya bai tashi ba a Anse Tamaren. Da muka sauko da safe, gidanmu na tsaye, igiyoyinsa a ɗaure, gefensa kuma ga kututture fari, faɗinsa ya kai teburin cin abinci.

Idan ka tambaye ni yau, da abin da muka sani a safiyar nan, zan sake cewa a sare. Yatsu biyu ne fa. Amma sanin kana da gaskiya ba ya sa abinci ya wuce maƙogwaro. Na jira Mama ta yi mini gori, na ma shirya amsa. Ba ta yi ba. Kawu Fabien ya zo ya tsaya a ƙofa da hularsa a hannu.

"Yaya..."

"Ka ci abinci?"

"Yaya, da na san..."

"Kai ne Allah? Hura mini wuta, ga bwapen nan zai lalace."

Ranar duk unguwa ta ci gasasshen bwapen da kifin gishiri da barkono. Mama da kanta ta riƙa ɓarewa tana rabawa, gida-gida, har da na Fada. Ta zauna ta ci nata tas, a hankali, ba ta bar ko ɓarɓashi ba. Ni loma biyu na iya.

Aka kwance igiyoyi, aka mayar da kwalekwale ruwa, masu gaba suka koma gabarsu. Kowa ya cire katakon tagoginsa. Mu ma muka cire, ban da na gabas. Duk lokacin da na ɗauko guduma sai Mama ta ce in bari tukuna. Ta daina fita ta wannan gefen. Da safe takan tsaya a tsakar ɗaki da kofin shayi a hannu kamar wadda ta manta abin da ta taso yi. Taswirar dai ta mayar da ita bango, kuma ina jin ta tana murɗa rediyo tana neman wata tasha mai nisa da ke shiga tana fita. Na ɗauka sabo ne kawai.

Bayan 'yan kwanaki gidan ya fara warin danshi, na ce yau kam sai iska ta shiga. Na zagaya ta waje na ɓamɓare katakon, na tura murfin tagar. Da na dawo ciki, sai na tsaya a bakin ƙofa.

Tun da aka haife ni rana ba ta taɓa shiga lungun nan ba. Yanzu ga ta ta faɗo a bangon gaba ɗaya. Mama na tsaye a gaban taswira, fil a hannu, ƙafa ɗaya a kan kujerar tsugunno, gwiwar ta ƙi ɗaga ta. Jajayen fil sun hau daga kusa da tsibirinmu har bakin takardar na sama, biyu ma sun fita sun shiga katako. A saman su kuma, inda hasken fitila bai taɓa kaiwa ba, bangon duk huji ne. Ƙananan huji ba iyaka, layi a kan layi, suna hawa suna lanƙwasa dama, wasu har kusa da azara. Tsofaffin sun yi baƙi.

"Mama, mene ne wannan?"

Ta sauke ƙafarta. Ba ta dubi taga ba.

"Ku da guguwa ta wuce ku, shi ke nan ta mutu, kowa ya kashe rediyo," ta ce. "Ba ta mutu ba. Can take tafiya, inda babu tsibiri ko ɗaya. Wa kike tsammani yake can?"

Jiragen ruwa ne a can, kowa ya sani.

"Takardar Auguste ba ta kai ba, sai in auna da yatsa. Idan kin tafi kasuwa in hau kujera. In bi ta har mai rediyo ya ce ta watse, sannan in fita in duba bishiya. Idan ganye bai yi komai ba, in ce to, wannan ma ta wuce shi." Ta juya fil ɗin a yatsunta. "Yanzu ban san inda zan duba ba. Amma ba a barin ta a rabin hanya."

Duk shekarun nan ina alfahari uwata ce mai tsaron gari, ashe gari a kan hanya kawai yake. Na zaci haushi zan ji, irin wanda na saba. Ban ji ba. Tausayi ne ya kama ni, da kuma kewar yayana, wanda na daɗe ina jin haushinsa har na manta ina sonsa. Na tuna shi yana ɗaga ni in taɓa tsibirinmu a taswira, yana cewa, ga mu nan, ƙanana kamar kashin ƙuda.

Mama ta miƙo mini fil ɗin.

"Kin fi ni tsawo. Kar ki hau komai da cikin nan, miƙa hannu kawai. Yatsa uku sama da na ƙarshe. A'a, dama kaɗan. Ke Verlyn, dama na ce, ba ki san hannun da kike cin abinci da shi ba?"

Na soka. Katakon ya yi laushi a wurin, fil ya shige ba gardama.

Na haifi ɗana a gidan nan, ƙarƙashin rufin nan, kafin wata ya ƙare. Mama ta rayu har ta ga ya shiga makaranta. Osbert bai dawo ba, labarinsa ma bai zo ba, kuma har ta koma ga Ubangiji ban ji ta ce marigayi ba. Kowace damina ita ke sauraron rediyo, ni ke miƙa hannu.

Shi ya sa jiya, da jikata ta ce, "Kaka, kwantar da hankalinki, ta juya, arewa za ta yi," ta kama mayar da wayar aljihu, na riƙe hannunta.

"Daga nan sai ina?"

"Kaka, ai ta wuce mu. Can babu komai sai ruwa."

"Na sani," na ce. "Matsar da hoton sama in gani."